Cerin Ummanka Ba Ya Son Bargo

Xiaobei, Guangzhou
Watan Sha'aban, shekarar wasannin Olamfik

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare maka hanya, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka.

Za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da kuke kwana ɗaki guda. Ka san halina. Kai ne na fari, ga shi kuma sunan mahaifina gare ka, don haka bakina nauyi yake yi a gabanka. In na buɗe shi don in yi maka nasiha, sai in ji ina tambayarka ko kwantenar wandunan da muka saro a Xintang ta isa tashar jirgin ruwa ta Nansha. Jiya da ka ce za ka ɗaga tafiyarka ta arewa har sai ka raka ni filin jirgi, sai na tashi na hau saman bene. Amsar tana cikin wannan takarda, amma ka yi haƙuri ka bi ni a hankali, tsoho ba ya zuwa kan magana sai ya zaga.

Ka san yadda al'amura suka tsaya. Bizata ta ƙare, kuma bana saboda wasannin nan an daina sabunta mana a nan kusa, an ce kowa ya koma ƙasarsa ya nema. Masu jini a jika za su je su dawo. Ni kam da wannan gwiwar da wannan hawan jinin, na san in na sauka Kano na sauka ke nan. Shagonmu na kasuwar Tianxiu na bar wa Alhaji Mamman na Maraɗi. Mai gidan haya ya ce a kwashe komai daga saman bene kafin in ba da makulli. Kai kuma makarantar noma ta ɗauke ka can arewa, kusa da ƙauyen su Lao Ma, tsohon nan Musulmi mai gidan taliya da ke ƙasan benenmu kafin ya koma can da zama. Abin da ya rage ba shi da wurin zuwa shi ne itacen cerin mahaifiyarka da ke cikin rabin durom. Kano ba za ta karɓe shi ba, jirgin ƙasa ba zai ɗauke shi da durom ɗinsa ba. In zai rayu, sai dai a yanki rassansa ka tafi da su a yi musu aure da wani gindin a can, kamar yadda muke yi wa mangwaro.

Ba ka nan lokacin da abin ya fara, kana Kano kana ƙarasa sakandare. Na kawo Ummanka nan neman magani, maganin kuma ya kashe mata baki. Komai aka ba ta sai ta ce kamar tana tauna auduga. Na yi mata miyar kuka da hannuna, na sa aka kawo daddawa da yaji daga gida, duk a banza. Ranan nan matar Lao Ma ta hawo da ɗan kwano, wani ɗan'uwansu ya zo daga ƙauye da tsarabar wasu 'ya'yan itace ƙanana, jajaye har sun yi duhu. Ummanka ta ɗauki ɗaya ta sa a baki, ta runtse ido, ta yamutsa fuska, sai na ji ta yi dariya. Na daɗe ban ji wannan dariyar ba.

Ta ce, “Alhaji, wannan ai tsadar bayan gidanmu ce ta biyo ni Sin.”

Ta cinye kwanon tas, ta tara ƙwallayen a gefen zaninta ta ce in shuka mata. Daga nan kurakuraina suka fara.

Na wanke ƙwallayen na tura su cikin ƙasa kamar mai shuka dabino, ina ba su ruwa safe da yamma. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, ko tsinke bai fito ba. Kullum in na sauko daga bene sai ta dubi fuskata, ni kuma in ce mata saura kaɗan. Lao Ma yana ƙasa da mu hawa uku kacal, amma girman kai ya hana ni tambayarsa. Ina ganin jikan manoma ne ni, mai tuƙa taliya ba zai koya mini shuka ba. Da na gaji na tono su na kai masa a tafin hannu, sai ya kaɗa kai ya ce ƙwallon ceri ba ya tsirowa sai ya kwana cikin sanyi da danshi tsawon hunturu. A nan Guangzhou sai dai a zuba shi cikin jiƙaƙƙen yashi a ajiye a firij. Ya ƙara da cewa ko ya tsiro ma, ba lallai ya ɗauko ɗanɗanon uwarsa ba, mai son irin abin da ya ci sai ya nemi ɗan aure. Watannin da na ɓatar, Abba, ba nawa ba ne, nata ne, kuma ba ta da su da yawa. Inda za ka kowa ya fi ka sanin ƙasar, har tsohuwar da ba ta iya rubuta sunanta ba. Ka yi tambaya tun ranar farko, ko da za a yi maka dariya. Matambayi ba ya ɓata.

Da na ji batun ɗan aure, sai jinin kasuwanci ya motsa. Na tafi kasuwar furanni da shuke-shuke, na samu wani mai dashe ya nuna mini hoton ceri manya-manya masu sheƙi, irin waɗanda ake jerawa a kwali ana sayar wa masu hali. Yana ta kirana Laoban, wato maigida, yana cewa, “Wannan shi ne lamba ɗaya!” Na ce lallai matata ta cancanci lamba ɗaya. Na ɗauko shi a tasi ina ji da kaina. Lao Ma ya duba ganyen ya ce wannan mai zaƙi ne, kuma mai zaƙi ba ya haihuwa shi kaɗai, sai da wani iri daban a kusa da shi, ƙudan zuma na kai da kawowa tsakaninsu. Ummanka kuwa ko kallon hoton ba ta yi ba. Ta ce, “Ni ban ce maka ina son zaƙi ba.”

A ranar ya zaunar da ni a bakin shagonsa, yana jan taliya yana yi mini karatu, rabi da baki rabi da hannu. Ga abin da na riƙe, sauran malamanka za su cika maka. Mai tsami bai damu da aboki ba, itace guda ya ishi kansa, kuma ya fi mai zaƙi jure sanyi da wahala. Shi mai tsamin gida biyu ne manya. Akwai mai ja mai haske, in ka matse shi ruwansa fari ne kamar ruwan lemon tsami, yana saurin nuna, itacensa ya fi tsayi, tsaminsa da sauƙi. Akwai kuma mai duhu, wanda in ya nuna sosai yake komawa kusan baƙi, ruwansa ja wur kamar zoɓo, in ya taɓa farar riga ta gama yawo. Wannan gajere ne, rassansa sirara masu sunkuyawa, yana nuna a makare, kuma shi ya fi kyau a shanya ko a dafa da sukari. Na Ummanka ke nan. Akwai wani ɗan ƙarami mai gashi-gashi a ganye da suke shinge da shi a ƙauye, yara na tsinka a hanya. Kada wani ya sayar maka da shi da sunan na gaske. Ni dai darasin da na koya shi ne, na saba zaɓar kaya da idon mai saye a Kantin Kwari, abin da ya fi girma da ƙyalli. In wani ya roƙe ka abu, ka kawo masa abin da ya roƙa, ba abin da kake ganin ya fi dacewa da darajarka ba.

Da hunturu Lao Ma ya je gida ya dawo mana da na gaskiyar. Wani ɗan tsinke ne ba ganye ko ɗaya, an naɗe saiwarsa da buhu. Na ɗauka wasa yake yi mini. Alhaji Mamman da ya gani cewa ya yi, “Alhaji, wanga asuwaki ne ka sawo ma Hajiya?” Amma da bazara ta shigo sai ya fitar da ganye, muka ɗauki Ummanka a kan kujera muka hau da ita ta gani. Ta shafa ganyen ta ce in kula mata da shi har ya haihu. Ba ta ga ganyen shekara ta biyu ba. Kai ka iso bayan an rufe ta da kwana kaɗan, kuma har yau in na tuna fuskarka a bakin ƙofar nan sai zuciyata ta karye.

Bayan rasuwarta na mai da itacen nan abokin hira. Da yake mu mutanen ƙasar fari ne, a wurinmu ruwa alheri ne, ba a cewa ya yi yawa. Duk lokacin da kewarta ta taso mini sai in ɗauki buta in hau bene. Ga ruwan saman garin nan da ba ya gajiya, ga nawa, ga durom ɗin ko huji ban yi masa ba don kada ruwa ya zube a banza. Ganye ya fara rawaya yana zuba, wani ƙaro mai kauri yana tsatsowa daga jikinsa. Da na ga haka sai na ƙara masa ruwa, a tunanina ƙishi ne. Kai ne ka ɗauko ƙusa da guduma ka huda gindin durom ɗin, wani baƙin ruwa mai wari ya yi ta malala. Ban gode maka ba a lokacin, har na yi maka faɗan ɓata durom. Na gode yanzu. In ka dasa shi a can, ka nemi tudu inda ruwa ba ya kwanciya, saiwar ceri ba ta son zama cikin caɓi. Ka tura yatsa cikin ƙasa kafin ka ɗauki buta. Kuma in baƙin ciki ya dame ka, ka samu mutum ka faɗa masa, kada ka juye shi a kan abin da ba shi da bakin cewa ya isa.

Yanzu na zo kan wanda ya fi ci mini rai.

Shekara bayan shekara itacen nan yana ganye, ba ya fure. Lao Ma ya sha gaya mini dalili, amma Turancinsa na kasuwa ne, Sinancina na ciniki ne, abin da na fahimta kawai shi ne garin nan bai dace da shi ba. Sai ga sanyin farkon bana. Ka tuna shi, tsofaffin garin ma sun ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Jiragen ƙasa suka tsaya, mutane suka cika tasha, mu kuma muna alwala da ruwan zafi muna kuka da hannuwa. Lao Ma ya samu ya tsere gida bikin sabuwar shekararsu tun kafin hanya ta toshe. Na hau bene na ga itacen ya zubar da ganye tas, ya tsaya tsirara, iska na kaɗa shi. Wallahi Abba tausayi ne ya kama ni. Na tuna yadda Ummanka ke jin sanyi a ƙarshen kwanakinta, har sai na haɗa mata barguna biyu. Na ce ba zan bar wannan ma ya tafi ina kallo ba.

Ka tuna na sa ka kama mini muka sauko da durom ɗin da ƙyar har cikin ɗaki. Ka ce, “Baba, anya? Na ji an ce irinsu sanyi suke so.” Na ce maka abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na naɗe shi da bargona mai kyau, na jawo hita kusa da shi, ni na kwana da rigar sanyi. Haka muka yi har sanyin ya wuce, ina alfahari na ceci rai.

Da Lao Ma ya dawo ya hawo gaishe mu, ya tarar da itace cikin bargo kamar jariri. Ya tsaya a bakin ƙofa bai ko cire takalmi ba. Ya sa ka fassara mini, don a lokacin Sinancinka ya nuna. Ya ce ceri sai ya yi barci mai nauyi cikin sanyi sannan yake farkawa da fure. Ya ce tun da ya kawo shi yake addu'ar Allah ya kawo sanyi irin wannan ko sau ɗaya, kuma yana can ƙauye yana murna, yana gaya wa matarsa bana itacen Hajiya zai yi huda. Na tambaye shi ko baɗi. Ya dube ni ya ce, “Meyo.” Kalmar da suke faɗa mana a shago in kaya sun ƙare. Kai kuma ka sunkuyar da kai, ba ka ce ai na faɗa maka ba, kuma wannan shirun naka ya fi mini zafi a kan a ce ka faɗa.

Ban ce lallai da zai yi fure ba, Allah kaɗai ya sani. Amma dama guda aka ba shi a garin nan, ni kuma na rufe ta da bargo. Daga baya na zauna na duba sai na ga ba shi kaɗai na yi wa haka ba. Tun da ka zo na tsare ka a bayan kanta. Ban bar ka ka je masana'anta kai kaɗai ba don kada a cuce ka, ban bar ka ka yi abokai cikin 'yan gari ba don kada su lalata ka, da ka ce za ka koyi harshensu na ce Hausa ta ishe ka a Tianxiu. Sai a ɓoye ka koya. Da ka kawo maganar makarantar noma na yi mako ban ci abinci tare da kai ba. Na kira abin kulawa, amma tsoro ne. Na rasa ɗaya a ƙasar nan, ban so in ɗaga ido daga kan na biyun.

To ga ka za ka inda ruwa ke daskarewa a famfo. Za ka sha wuya, ba zan yi maka ƙarya ba. Za a yi ta kallonka a hanya, yara za su bi ka, wani zai taɓa fatarka ya duba yatsansa. Azumi ya kusa, bana za ka yi shi ba kunun tsamiya, ba mai tashinka sahur. Ka nemi masallacin su Lao Ma tun ranar da ka sauka, ka riƙe salla a kan lokaci ko da hannunka zai tsage da sanyi. Ka ci abin da suka ci in dai halal ne, kada ka zauna kana kwatanta shi da tuwo. In an ba ka aikin kwasar taki ka kwasa. In kewa ta dame ka ka kira ni mu gaisa, amma in na ce maka ka dawo, kada ka saurare ni. Na san kaina, zan faɗa, wataƙila har in ce jikina ya matsa. Ka kira ƙanwarka Bilkisu ka tambaye ta gaskiyar lamarin kafin ka sayi tikiti.

Game da auren rassan, Lao Ma ya yi mini bayani ta waya kuma na sa an maimaita mini har na haddace. Yanzu ne lokacinsa, ƙarshen zafi, sa'ad da ɓawon itace ke saɓulewa da sauƙi. Ido ɗaya, wato wurin da toho ke fitowa, ake yankowa daga reshe da aska mai kaifi, a tsaga ɓawon ɗan gindin da ya tanada, a zura idon a ɗaure da leda. Kada ka taɓa wurin yankan da yatsa. Ka raba idanun a kan gindi da yawa, kada ka zuba su wuri guda. Bayan kamar mako biyu ka taɓa ɗan karan ganyen da aka bari a jikin idon. In ya faɗi da kansa, ya kama. In ya bushe ya manne, wannan ya tafi. Wanda ya kama ma ba zai motsa ba, zai zauna shiru har hunturu ya wuce. Za ka gan shi cikin ƙanƙara, ɗan abu kamar ƙwayar gero, zuciyarka za ta ce ka rufa masa wani abu. Jinina ne a jikinka, na san za ta ce. Ka sa hannunka a aljihu ka wuce, sai abin da mutanen wurin suka ce a yi. In duk suka mutu, ka gaya mini gaskiya, kada ka ce mini saura kaɗan.

Sauran magana ɗaya. Lao Ma ya ce reshen da aka yanka da zafin nan kwanansa kaɗan ne, ko an naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma. In ya daɗe, idanun sun mutu. Tun makon jiya kake tambayata yaushe za a yanka, ina ce maka gobe, kai ma kana jin daɗin goben, domin muddin rassan na jikin itacen kana da hujjar zama. Mu biyun muna yaudarar juna ne, kuma in aka bi ta tamu sai lokacin auren ya wuce muna zaune muna shan shayi.

Yau bayan sallar asuba, kana wanka, na hau da aska. Na yanke duk rassan bana masu lafiya, ban bar ko ɗaya ba. Na cire ganyen na bar karansu, na naɗe rassan, suna cikin jakarka ta hannu a ƙarƙashin wannan takarda. Abin da ya rage a durom ba zai ƙara zama itace ba, mai gida ya yi yadda ya ga dama da shi. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Don haka babu ɗaga tafiya. Jirgin ƙasanka na yammacin yau ne, ka hau shi. Ni nawa sai jibi, Alhaji Mamman zai kai ni, jaka biyu ce ba ta buƙatar mutum uku. Na so ƙwarai in waiwaya a filin jirgi in gan ka tsaye, kuma ban san ko akwai sauran ganawa tsakaninmu ba. Amma in ka tsaya don ni, abin da ke cikin jakar nan zai mutu, kuma ni ne zan sake cutar da shi. Ka tafi, Abba. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ka fi ƙarfin sanyin ƙasar da kewar gida. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya haskaka kabarinta a wannan ƙasa da za mu bar ta ita kaɗai. Allah ya yi maka albarka, ya sa abin da ka ɗauka ya kama.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.